Muryar Lamba Tara

Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Maris, da ƙarfe goma da kwata na safe, Akawu ya fara ganin yarinyar. Ba zai yi kuskuren ranar ba, domin tana nan rubuce a rajistarsa, shafi na ɗari da shida. A ranar ne situdiyon da yake wa aiki ya kira matasa gwajin murya. Mutum ashirin da uku suka zo, suka cika bencinan baranda, wasu suka zauna a kan matakala. Akawu ya yanyanka kwali, ya rubuta lambobi, ya ba kowa nasa da fil ya maƙala a ƙirji. Ita ta sami lamba tara. Tun daga ranar babu wanda ya ƙara kiranta da wani suna a wurin nan sai Tara, har ita ma ta saba tana amsawa.

Shekararta goma sha shida. Ta zo da kayan makaranta a jikinta, mahaifiyarta na riƙe mata da jaka, tana ta faɗa wa duk wanda ya kalle su cewa yau ɗaya ce kawai aka bari ta yi fashin aji.

Aikin Akawu ba waƙa ba ne. Shekara goma sha ɗaya yana zaune a kujera guda, a kusurwar ɗakin na'urori, bayan Injiniya. Shi Injiniya kunne gare shi kamar zomo, amma kansa rariya ne, abin da ya saita jiya ba ya tuna shi yau. Saboda haka aka ɗora wa Akawu rubuta komai: kwanan wata, lokaci, sunan waƙa, ɗauka ta nawa, wane makirufo aka yi amfani da shi, lambar da aka adana ta a kwamfuta. Akwai kuma wani ɗan layi siriri kusa da ƙarshen shafi. Mai waƙa idan ya shiga ɗakin gilashi yana ɗora abin kunne a kansa, ta nan yake jin kiɗan da muryar kansa. A gefensa akwai ɗan akwati mai maɓalli da ake murɗawa, daga ɗaya zuwa goma, kowa yana murɗa shi daidai yadda kunnensa yake so. Idan an tashi, Akawu yakan shiga ya duba inda aka bar maɓallin ya rubuta, don gobe a mayar da shi wurin. Babu wanda ya taɓa karanta wannan layin sai shi.

"Malam Rajista," Injiniya yakan ce, "ko atishawa mutum ya yi sai ka ba ta lamba."

"Ranar da ka neme ta za ka gode mini," in ji Akawu.

Da layi ya zo kan Tara, Manaja ya tambaye ta waƙar wa za ta rera. Ta ce tata ce, ita ta rubuta, sunanta Tagar Baya. Babu kiɗa, babu komai. An manta ba a kashe fankar ɗakin ba. Ta rufe ido ta fara, waƙa mai sanyi a kan wata taga da take kallon titi ta cikinta tun tana tsayawa a kan bokiti kafin ta kai. Minti huɗu da daƙiƙa bakwai. Akawu ya shiga ya duba maɓallin, ya rubuta: uku.

Bayan kwana tara aka aiki Akawu gidansu da takardu, domin yarinya ce, sai iyaye sun sa hannu. Ɗaki biyu ne a saman wani shagon taya. A ɗakin farko keken ɗinkin mahaifiyarta ya cinye rabin wuri, irin na ƙafa, yadudduka a rataye a igiya. Kusa da taga wani mutum ne siriri a gaban ɗan tebur, da gilashi a ido ɗaya, yana tona cikin agogo da tsinken ƙarfe. Akawu ya yi sallama sau biyu, mutumin bai ɗago ba.

"Malam, kada ka ga kamar ya share ka," in ji mahaifiyar. "Ba ya ji. Tun kafin aurenmu kunnen ya fara tafiya." Ta buga ƙafa a daɓe, mutumin ya juyo da fara'a, ya miƙa hannu.

A gida Auta suke kiranta. Akawu ya ga yadda take magana da mahaifinta da hannu da fuska, da sauri kamar masu faɗa, suna dariya. Da ta ba shi labarin an ɗauke ta, sai uban ya jawo ta, ya ɗora tafin hannunsa a tsakiyar bayanta, ya yi mata alama ta rera. Ta rera baiti ɗaya. Yana jin rawar muryar a hannunsa yana gyaɗa kai.

"Haka yake sauraronta tun tana shekara biyar," in ji uwar. "Shi ne alƙalinta. Ni kuwa kekena ta sace wa kiɗa. Duk waƙar da ta yi, in ka kasa kunne, ɗinki ne."

Manaja ya tsara albam na waƙa goma sha biyu. Bakwai na rawa, masu kiɗa da nauyi, biyar kuma masu sanyi, irin waɗanda matasa ke kira R&B, inda murya ke hawa da sauka a hankali, babu inda za ta ɓuya. Ya ce na rawa za a fara, su ne rediyo ke so, su ne ke sa a san mutum. Masu sanyi daga baya. Tagar Baya ce ta ƙarshe a jeri. Akawu ya zana jadawali da rula: Talata da Alhamis bayan an tashi makaranta, Asabar da safe.

Watannin farko sun yi daɗi. Tara takan shigo da littattafanta, ta yi aikin gida a kan akwatin lasifika kafin Injiniya ya gama kwance wayoyi. Ba ta da girman kai, amma tana da baki.

"Yaya Injiniya, wannan kiɗan naka fa kamar ana daka ƙusa."

"Ke 'yar nan, ina haɗa kiɗa tun kina rarrafe."

"Ai shi ya sa ya tsufa."

Shi kuwa Akawu, Baba take ce masa. Takan leƙa rajistar ta ce, "Baba Akawu, yau me ka rubuta a kaina? Ka sa cewa na fi jiya." Yakan ce babu layin yabo a rajista. Ta ce to a ƙara layi mana, rula ta ƙare ne?

A farkon Satumba ne ya ga abin. Ɗabi'arsa ce duk bayan wata shida ya kwashe bayanan kowane mai waƙa zuwa shafi guda. Yana kwafe na Tara, sai lambobin siririn layin nan suka jeru a gabansa. Maris, uku. Mayu, huɗu. Yuli, biyar, wani lokaci shida. Makon jiya, bakwai. Ba su taɓa komawa baya ba ko sau ɗaya.

Ya fara zargin na'ura. Ya duba sauran mutum huɗu da ke amfani da abin kunnen nan. Dukansu uku, huɗu, uku, tun bara. Ya kai wa Injiniya shafin.

"Yara ke nan," in ji Injiniya, ko juyowa bai yi ba. "In ba su ji kiɗa yana fasa musu kai ba, ba sa jin sun yi waƙa. Ka sha kuruminka."

Akawu bai sha ba. Hoton mai gyaran agogon nan da bai ɗago ba ya tsaya masa a rai. Ranar Alhamis, da Tara ta fito tana tafiya a barandar, ya tsaya a bayanta ta hagu, taku huɗu, ya kira ta da muryar da yake magana kullum. Ba ta juyo ba. Ya sake kira. Ta ci gaba da tafiya tana kaɗa jakarta. Sai da ta kai bakin matakala ta ga inuwarsa a gilashin ƙofa, ta juyo. Ta kalli fuskarsa, ta kalli takardar hannunsa, ta gane.

Suka zauna a kan bencin da ta jira ranar gwaji.

"Tun yaushe, 'yata?"

"Tun kafin in zo nan. Amma da kaɗan ne." Idonta na kan bakinsa, sai yanzu ya lura kullum haka take kallon mutane. "A aji na koma layin gaba. Na ce idona ne."

"Mamanki ta sani?"

"Baba, don girman Allah. Shekara ashirin tana magana da hannu. Kana so in ce mata ga na biyu? Manaja kuma in ya ji, zai ce a dakata. In aka dakata shi ke nan, ba jirana abin yake ba." Sannan ta ce, "Kai da kake lissafin komai, faɗa mini. Saura nawa kafin maɓallin ya ƙure?"

Bai so ya amsa ba, amma ya riga ya lissafa tun jiya. "In ya ci gaba a haka, wata huɗu. Ko biyar."

"Tagar Baya kuma yaushe ce a jadawalinka?"

"Fabrairu."

Ta ƙirga da yatsu. Ta yi wata 'yar dariya maras daɗi. "Na rawa ba su dame ni ba, Baba. Ganga ko a ƙafata ina jinta. Waccan ce ke son kunne. Ita kaɗai ce tawa a cikin sha biyun nan. Ka matso mini da ita. Kai ne mai rula."

Ya yi mata alkawari biyu a ranar: ba zai faɗa wa kowa ba, kuma zai matso da waƙar. Yanzu idan ya tuna, ya san na farkon ne ya kashe na biyun.

Ya sake zana jadawali, ya kawo Tagar Baya makon ƙarshe na Satumba, ya ajiye a teburin Manaja. Washegari takardar ta dawo da jan biro a kai. Ya sake gwadawa a Oktoba, ya cusa ta tsakanin waƙoƙin rawa biyu kamar kuskure ne. Manaja ya kira shi ofis.

"Akawu, lafiyarka kuwa? Shekara goma sha ɗaya ba ka taɓa juya mini jeri ba. Masu rawa na jiran waƙa ta biyar, masu ɗaukar bidiyo sun ba da rana. Mene ne da waƙar tagar nan?"

"Ranka ya daɗe, gani na yi kamar gara a yi ta da wuri."

"Saboda me?"

Amsar tana bakinsa. Ya haɗiye ta. Maimakon haka sai ya ajiye shafin lambobin nan a gaban Manaja, yana fatan takarda za ta faɗi abin da shi ya yi rantsuwa ba zai faɗa ba. A wurinsa lambobin ihu suke yi. Manaja ya kalle su na daƙiƙa biyu, ya ce, "Wannan ai na Injiniya ne," ya ɗora kofin shayinsa a kai.

Haka Oktoba ta wuce, Nuwamba ta shiga. Akawu yana zaune a kusurwarsa yana rubutawa. Takwas. Takwas. Takwas da rabi. Duk ranar da ya shiga ɗakin gilashi duba maɓallin, sai ya ji kamar shi ne yake murɗa shi. Waƙoƙin rawa kuwa suna fita lafiya lau. Tara ta koyi cire takalmi ta tsaya a kan katakon ɗakin, kiɗan na shigarta ta tafin ƙafa. Injiniya ya ɗauka salo ne, har yana tsokanarta da 'yar ƙauye. Idan ya yi mata magana ta makirufo bai ɗago kai ba, sai ta ce, "Yaya, kalle ni mana in kana magana, ba ladabi ba ne." A yi dariya. Ta leƙo Akawu ta gilashi ta ɗaga masa gira, wai ka gani, gani ya kori ji.

Ranar biyu ga Disamba maɓallin ya kai tara. Akawu ya rufe rajista, ya ɗauki hularsa, ya hau mota zuwa shagon taya. Ya tarar da uwar a kan keke. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya faɗa. Ƙafarta ta tsaya a kan keken. Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba.

"Malam, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun bara nake kiranta daga kicin ba ta amsawa. Na yi ta ce wa kaina taurin kai ne na 'yan mata. Ita tana ɓoye mini, ni ina ɓoye mata." Ta kalli mijinta da ke can yana aikinsa bai san me ake ciki ba. "Shi ne ban san yadda zan gaya wa ba. Zai ce shi ya ba ta."

Suka kai ta asibitin kunne a makon. Akawu ya raka su, ya ɗauki shafin lambobinsa. Likitar ita ce mutum na farko da ya karanta shi har ƙarshe. Ta ce da ma kowane maras lafiya yana zuwa da irin wannan. Bayan gwaji ta yi musu bayani ba ɓoye-ɓoye: abin na gado ne, yana tafiya ne a hankali, babu maganin da zai tsayar da shi. Ƙarar da take sha a kunne ba ita ta kawo shi ba, amma ba ta taimaka. Akwai 'yar na'ura da za a sa mata, za ta riƙa jin magana na wasu shekaru. Waƙa kuwa, likitar ta girgiza kai.

A hanyar dawowa Tara ba ta kalli Akawu ba. Mako biyar ba ta ce masa Baba ba. Idan ta shigo sai ta gaishe da Injiniya ta wuce.

Uwar ce ta je ta faɗa wa Manaja. Akawu ya zaci zai yi faɗa ko ya soke aikin. Manaja ya zauna ya riƙe kai, ya daɗe, sannan ya kira shi.

"Tun Satumba ka sani?"

"Tun Satumba, ranka ya daɗe."

"Haba Akawu. Haba. Ni dodo ne? Ina da 'ya sa'arta. Da ka buɗe baki ka ce mini yarinyar nan kunnenta na tafiya, wallahi a ranar zan kori masu rawa. Sai ka kawo mini lambobi? Ni na san karatun lambobinka?"

Akawu ya koma kusurwarsa. Wata uku ne suka tafi, kuma yana da lissafin kowace rana a cikinsu.

Aka ture komai gefe, aka sa Tagar Baya ranar Asabar, goma sha uku ga Janairu, bayan an gama shirya kiɗanta. Wannan karon an kashe fanka, an kawo makirufo mafi kyau. Tara ta shiga, ta cire takalmi, ta murɗa maɓallin har ya tsaya da kansa.

Baitin farko ya tafi daidai. A na biyu, inda muryar ke hawa ta tsaya a sama, sai ta kauce kaɗan, kamar mai tafiya a duhu da ya saki bango. Ba ta sani ba. Ta ci gaba da rerawa da dukan zuciyarta, ido a rufe, tana nisa da kiɗan. Injiniya ya sunkuyar da kai a kan na'urarsa.

"Na hau?" ta tambaya ta gilashi.

"Saura ƙiris," in ji Injiniya, ya ɗago yana murmushi. "Mu ƙara ɗaya."

Suka ƙara. Injiniya ya gwada duk dabarar da ya sani. Ya cire sauran kayan kiɗa ya bar mata piyano kaɗai. Ya tsaya a gaban gilashin yana ɗaga hannu yana saukewa, yana nuna mata inda muryar za ta bi. Ya shigo da ƙaramar lasifika ya sa ta ɗora hannu a kai. Wani lokaci ta kama layi biyu, na uku ya kuɓuce. Akawu yana rubutawa. Ɗauka ta bakwai. Ta goma sha biyu. Ta goma sha shida. A layin bayani magana ɗaya yake maimaitawa.

Bayan ta goma sha tara, Manaja ya tafa hannu ya ce ta yi kyau, a huta. Tara ta fito. Ba ta kalli Manaja ba, ba ta kalli Injiniya ba. Ta zo ta tsaya a gaban teburin Akawu.

"Baba," ta ce, karo na farko cikin makonni. "Su suna tausayina. Kai ba ka iya ƙarya a takarda ba. Juyo mini da ita."

Ya so ya rufe rajistar. Hannunsa ya ƙi. Ta karanta daga sama har ƙasa, sau goma sha tara: ta kauce. Ta gyaɗa kai, ta koma ta sa takalminta, ta ɗaure igiyar a hankali kamar ba abin da ya faru.

Ranar Litinin Injiniya ya ce kwamfuta na iya miƙar da murya. Ya gwada, suka saurara. Muryar ta miƙe, amma ta koma kamar ana waƙa a cikin gwangwani. Biyu daga cikin masu sanyin, waɗanda ba su da hawa sosai, an lallaɓa su haka. Biyu aka jefar. Da aka zo kan Tagar Baya, Injiniya ya cire hannunsa ya ce shi kam ba zai yi mata wannan ba.

Akawu ya buɗe rajistarsa ya koma baya, shafi na ɗari da shida. Ya karanto wa Injiniya lamba.

"Ta mece ce?"

"Ranar gwaji. Ba ka goge ta ba, na hana ka a watan Yuni."

Suka nemo ta. Ga ƙarar fanka daga farko har ƙarshe. Ga kukan kujerar Akawu a minti na biyu. Ga tarin uwar daga bakin ƙofa. A tsakiyar wannan duka, ga muryar yarinya mai ji da kunnenta, tana hawa inda take so, tana tsayawa, tana saukowa ba ko gargada. Injiniya ya ce fankar ba za ta fita ba sai ta tafi da rabin muryar. Manaja ya ce a bar fankar. Aka sa ta ta ƙarshe, ba kiɗa.

"Malam Rajista," in ji Injiniya a hankali, "na gode."

Akawu bai ji daɗin godiyar ba. Abin da ya ceto minti huɗu ne. Abin da ya bari ya tafi ya fi haka.

Albam ɗin ya fito ranar ashirin ga Afrilu da waƙa goma. Waƙa ta biyu da ta biyar suka kama gari. Akawu yakan ji su a shagon aski, a cikin motar haya, a bakin masu sayar da waya, yara na taka rawar da aka yi a bidiyo. Tagar Baya ba a cika sa ta a rediyo ba, an ce ba ta da kiɗa.

Da rana tsaka wata Asabar, Tara ta zo situdiyo da mahaifinta. Ta ce wa Injiniya ya sa musu ta ƙarshe a babbar lasifika. Uban ya ɗora tafin hannunsa a jikin akwatin. Ta tsaya kusa da shi, ta ɗan jima, sannan ita ma ta ɗora nata. Haka suka tsaya su biyu har waƙar ta ƙare. Uban ya yi mata wata alama da hannu, ta mayar masa, ya share ido da bayan hannu.

Ta zo wurin Akawu. 'Yar na'urar tana maƙale a bayan kunnenta.

"Ina jin akwai murya, Baba, amma kamar daga gidan maƙwabta. Na manta yadda ta fito ranar nan. Ta yi daɗi?"

Bai san kalmomin masu waƙa ba. Sai ya buɗe shafi na ɗari da shida ya juya mata. A layin bayani, bayan "fanka tana aiki", akwai wasu kalmomi da ya rubuta a ranar, waɗanda ba su cikin ƙa'idar rajista: kowa ya yi shiru.

Ta karanta. Ta ce, "Ashe akwai layin yabo."

Ta hau dandamali sau biyu bayan fitowar albam ɗin, duka da waƙoƙin rawa, ba takalmi. A na biyun ta shiga baiti kafin lokacinsa, ta gani a fuskokin mutane, ba ta ƙara hawa ba. Albam na biyu ba a yi shi ba. Ta gama makaranta. Kunnen hagu ya rufe gaba ɗaya tana shekara goma sha tara, na dama yana ɗan kama magana idan da na'ura kuma mutum yana fuskantarta. Yanzu shekararta ashirin da huɗu. Tana zaune a tebur ɗaya da mahaifinta a bakin tagar nan, shi yana gyaran agogo, ita tana gyaran waya, kuma an ce hannunta yana da kyau. Akawu ya yi ritaya bara. Da zai tafi ya roƙi Manaja rajistar shekarar nan, aka ba shi, ya kai mata. Tana ajiye da ita a aljihun teburin, tare da kwalin nan mai lamba tara.